Labarin Ahmed Musa, Ɗan Gefen Masu Gida

A ƙasar Guri da Kirikasamma da sauran garuruwan da ke zaune bisa fadamar Kogin Haɗeja, filin tamaula ba na kullum ba ne. Da damina ruwa ke iko da shi. Sai ambaliya ta janye, an yanke shinkafa, ƙasa ta bushe ta tsattsage, sa'an nan samari su share wani fage, su kafa itace biyu nan, biyu can, su ce raga ke nan. Wanda ya tsaya bakin irin wannan fage da la'asar sakaliya, ba wuya ya ji ana kiran yaron da ya fi kowa gudu da sunan Ahmed Musa. Yawancin masu wannan kira sun san ƙwallo biyun da ya zuba wa Aisilan a 2018, amma kaɗan ne suka san hanyar da ya biyo kafin ya kai can, da tuntuɓen da ya yi a kanta. To, shi ne abin da za a warware a nan, don amfanin samari da kuma iyayensu, waɗanda sau da yawa akan zo musu da zancen kai yaro Turai wasa.

Da farko ya kamata a san irin aikin da ake ɗaukar mutum irinsa dominsa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, kowa da wurin tsayuwarsa. Ɗan gefe shi ne wanda ake ajiyewa kusa da layin fita, dama ko hagu, watau mai lamba bakwai ko mai lamba sha ɗaya bisa tsohon lissafi. Abin da ake so gare shi shi ne ya janyo ɗan bayan abokan karawa daga tsakiya, kana in an ɗaga ƙwallo ta bayan mutumin nan, ya riga shi isa gare ta. Mai kallo yakan zaci gudu ne kurum, alhali kuwa ba haka ba ne. In ya tashi da wuri ko da taki ɗaya ne, sai mataimakin alƙali ya ɗaga tuta, an kama shi da satar gida. In ya makara, ɗan baya ya riga ya juya ya tare hanya. Bayan wannan ga wuyar tarbar ƙwallon da ta biyo mutum daga baya yana cikin tsananin gudu, ya kwantar da ita da taɓi ɗaya ba tare da ya rage sauri ba. Masu gudu suna da yawa a kowane gari, amma masu iya wannan tarba ba su da yawa.

Ba a tamaula kaɗai ake neman irin wannan mutum ba. Amurkawa suna da wani wasa nasu wanda su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake yawancinsa da hannu ake yi. Ƙwallon tasu doguwa ce kamar gwanda, 'yan wasan kuwa suna sanye da kwalkwali da tsummoki a kafaɗa kamar 'yan lifida, saboda kokawa da bangaza halal ne a cikinsa. Akan ba kowane ɓangare dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. A cikinsu akwai wanda ba shi da aiki sai ya tsaya can gefe, da an fara ya zabura a guje, ya yi wa mai gadinsa kwana, ya ɗaga kai ya cafe ƙwallon da aka jefo masa daga nesa. Wani haifaffen Ikko, Nelson Agholor, ya yi suna a wannan aiki. An haife shi a 1993, aka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara biyar, ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya ta ɗauke shi a 2015. Shekara biyu na farko ya sha zagi wurin 'yan kallo saboda ƙwallo tana yawan suɓuce masa, har a 2016 aka ajiye shi wasa guda don ya huce. Amma ran 4 ga Fabrairu 2018, a babban wasansu na ƙarshen shekara da suke kira Super Bowl, ya cafe jifa tara, ƙungiyarsa ta ci New England Patriots 41 da 33. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan wannan, wani ɗan Nijeriya mai irin aikinsa, wanda shi ma aka riga aka fara cewa ya ƙare, ya yi nasa abin a ƙasar Rasha.

Daga Jos zuwa Kano

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba 1992. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa, mutumiyar Jihar Edo, ita ta ɗauki nauyin renonsa. Ya tashi cikin Hausar Jos, ya koyi wasa a makarantar tamaula ta GBS da ke garin, daga nan aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, watau ta asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. A 2009 aka sake ba da aronsa, wannan karo ga Kano Pillars.

Mutanen Haɗeja ba sa bukatar a gaya musu ko wace ce Pillars. An kafa ta a 1990, lokacin da ƙasar Haɗeja tana cikin Jihar Kano, ba a yanke Jigawa ba sai a 1991, don haka har yau da yawa a wannan yanki ba su ɗauke ta ƙungiyar baƙi ba. Kirarinta Sai Masu Gida, filinta na Sani Abacha yana Ƙofar Mata. Sa'ad da Musa ya zo mata tana cikin ganiyarta, ta ci gasar Nijeriya a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Yaro ɗan shekara 17, siriri, ba wani jiki gare shi ba, ya shigo cikin irin waɗannan ƙarti, ai sai a zaci benci zai ɗumama. Amma kafin kakar 2009 zuwa 2010 ta ƙare ya ci ƙwallo 18. Tun da Ishaya Jatau ya ci 17 a 1990 ba wanda ya wuce nan a gasar ƙasar, shekara 20 ke nan. Pillars ta ƙare ta biyu, bayan Enyimba ta Aba. Ba a daɗe ba Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014, amma su manya ne, ba wanda ya yi nasa yana ɗan 17.

A watan Satumba na 2010, tun bai cika 18 ba, aka sa shi wasansa na farko a babbar ƙungiyar Nijeriya, a karawa da Madagaska.

Ƙasar Holan

Wata ƙaramar ƙungiya ta Holan mai suna VVV, a garin Venlo kusa da iyakar Jamus, ita ta saye shi a 2010. A nan akwai abin lura ga iyaye. An gama ciniki tun da damina, amma bai iya buga musu wasa ba sai a watan Oktoba, saboda dokar hukumar FIFA ta hana a ƙetare da yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Wanda ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa, wanda ya riga ya sa rigar Nijeriya, shi ma sai da ya zauna ya jira ranar haihuwarsa. Saboda haka duk dillalin da ya zo gidan mutum ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗin jirgi, zai kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, to, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ta sarai yana neman wanda bai sani ba. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke biya, ba ita ake biya ba.

Garin Venlo ba baƙo ba ne ga 'yan Arewa. Shekara kusan 20 kafin Musa, Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna a 1973, ya yi wasa a wannan ƙungiya bisa aro daga Roda, kafin Ajax ta Amsterdam ta saye shi a 1996. Shi ma lamba bakwai ne, gajere, mai gudun barewa. Yana cikin waɗanda suka ciyo lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, shi ne kuma ya zuba wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Ikko a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka na 2000. Turbar da Babangida ya share ita Musa ya bi.

VVV kuwa ƙungiya ce mai fama da ƙasan teburi, kullum tana neman yadda za ta tsira daga faɗuwa. Irin wannan ƙungiya takan ja da baya ta tare gida, in ta ƙwace ƙwallo ta ɗaga ta gaba, ɗan gefe ya bi. Ga mai gudu wannan makaranta ce mai kyau. A 2011 ya je Kolombiya da ƙungiyar Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ya ci ƙwallo uku, Faransa ta fitar da su a wasan kwata.

Sanyin Masko

A Janairun 2012 CSKA ta Masko ta saye shi. Asalinta ƙungiyar sojan Rasha ce, tana cikin manyan ƙasar. Sanyin can ba irin hunturun da aka sani a bakin fadama ba ne, wanda mutum zai hura wuta da asuba, hantsi ya yi ya tuɓe bargo. Ruwa daskarewa yake ya zama dutse, har gasarsu takan tsaya daga Disamba zuwa Maris don fili ba ya takuwa. Wasansa na farko a watan Fabrairu ne, cikin wannan sanyi, da Real Madrid ta Sifen a gasar zakarun Turai, aka tashi 1 da 1.

Shekara huɗu da rabi da ya yi a Masko su ne gwanintarsa ta nuna sosai. Mai horar da su, Leonid Slutsky, ya ga abin da wasu ba su gani ba. Da ciwo ya kwantar da babban ɗan gabansu Seydou Doumbia, mutumin Kwaddebuwa, a kakar 2012 zuwa 2013, sai ya ɗauko Musa daga gefe ya tsayar da shi a tsakiyar gaba, ya ce a riƙa zura masa ƙwallo ta tsakanin 'yan baya. Ya ci 11 a gasar ƙasa, CSKA ta ɗauki kofin gasa da kofin ƙalubale a shekara guda. Ta sake cin gasa a 2014, da kuma 2016, inda ya ci 13. Zaman kuwa ba na jin daɗi zalla ba ne ga baƙar fata. A 2013 hukumar ƙwallon Turai ta hukunta ƙungiyar saboda wasu magoya bayanta sun yi wa Yaya Toure na Manchester City ihun wulakanci don launin fatarsa, alhali su kansu baƙaƙe ne ke ci musu ƙwallo.

Cikin waɗannan shekaru ne Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi. A wasan kusa da na ƙarshe a Durban an ci Mali 4 da 1, Musa ya shigo daga benci ya ci ta huɗu. Ran 10 ga Fabrairu 2013 aka ci Burkina Faso 1 da nema a Johannesburg, Sunday Mba ya ci. Rabon Nijeriya da wannan kofi tun 1994.

Ran 25 ga Yuni 2014, a birnin Porto Alegre na Birazil, aka kara da Ajantina a Kofin Duniya. Minti uku da farawa Lionel Messi ya ci. Mutane ba su gama salati ba, a minti na huɗu, Musa ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya karkato ciki, ya lanƙwasa ta da ƙafar dama ta wuce gola ta faɗa kusurwar nesa. Dab da hutun rabin lokaci Messi ya ƙara da bugun tazara. Da aka dawo, minti biyu kacal, Musa ya ba Emmanuel Emenike, Emenike ya mayar masa, ya shige tsakanin 'yan baya ya rama. Marcos Rojo ya ci ta uku, aka tashi 3 da 2. An ci Nijeriya, amma ta wuce zagaye na gaba, inda Faransa ta fitar da ita. Kafin wannan rana ba ɗan Nijeriyar da ya taɓa cin ƙwallo biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya. Yana ɗan shekara 21.

Tuntuɓe a Ingila

A 2016 Leicester City ta ba duniya mamaki ta ci gasar Firimiya ta Ingila, abin da ba ta taɓa yi ba tun kafa ta. Da kuɗi suka shigo sai ta shiga kasuwa, a watan Yuli ta sayi Musa kan fam miliyan 16 da 'yan kai, ba ta taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba a lokacin. A wasan share fage da Barcelona a birnin Stockholm ya ci biyu, ɗaya daga ciki tun daga tsakiyar fili ya ɗauko ta a guje. Gidajen kallo daga Kano har Nguru suka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. A gasar Firimiya ƙwallo biyu kaɗai ya ci, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham, duka a watan Oktoba na 2016. A Janairun 2017 ya ci Everton biyu a kofin ƙalubale, daga nan sai shiru a wannan kaka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wurin da ya fi ƙwarewa, watau tsakiyar gaba inda ake zura wa mutum ƙwallo ya bi, Jamie Vardy ne a kai, ba kuwa mai ɗaga shi. Gefen dama na Riyad Mahrez ne. Kafin kasuwa ta rufe kuma suka sayo Islam Slimani na Aljeriya da kuɗin da ya fi nasa. Bugu da ƙari, ƙungiyoyin Ingila sun riga sun gane dabarar Leicester, suka daina matsowa gaba su bar fili a bayansu, mai gudu kuwa in ba fili a gabansa kamar kwalekwale ne a kan tudu. A Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri, wanda shi ya kawo shi, waɗanda suka gaje shi ba su da bukatarsa. Rabin farko na kakar 2017 zuwa 2018 bai taka fili ba ko sau ɗaya a gasar Firimiya.

Masu cewa Leicester ta zalunce shi suna da abin faɗa, amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Wasan Ingila yana son ɗan gefe mai iya riƙe ƙwallo a wuri matsattse, mutum biyu suna bangazarsa, ya kuma koma baya ya taya tsaro, wannan kuwa ba shi ne ƙarfin Musa ba. Ciniki ne da aka yi don kuɗi sun samu da suna ya yi daɗi, ba don an auna inda za a tsayar da shi ba. Abin yabo gare shi shi ne bai zauna yana cin albashi a benci ba. A ƙarshen Janairun 2018 ya koma CSKA bisa aro, ya ci ƙwallo shida cikin 'yan watanni, ƙafarsa ta dawo daidai lokacin da ake shirin Kofin Duniya a ƙasar da ya sani kamar tafin hannunsa.

Ranar Volgograd

Duk da haka mai horar da Nijeriya, Bajamushe Gernot Rohr, bai fara da shi ba a wasan farko, Kuroshiya ta ci 2 da nema, aka yi ta ƙorafi. Wasa na biyu ya faɗo ran Juma'a 22 ga Yuni 2018, mako guda bayan Ƙaramar Salla, a birnin Volgograd, da ƙarfe huɗu na yamma agogon Nijeriya. Abokan karawa Aisilan ne, tsibiri mai mutane ƙasa da dubu 400, amma ƙarti ne dogaye, sun riƙe Ajantina 1 da 1, golansu Halldorsson har ya tare wa Messi fenariti. In aka ci Nijeriya a ranar, sai haɗa kaya.

Rabin farko Nijeriya ba ta buga ko ƙwallo ɗaya wajen raga ba. Da aka dawo, a minti na 49, Aisilan ta yi doguwar jifa zuwa gidan Nijeriya, aka fitar da ita, Victor Moses ya ɗauka ya sheƙa ta gefen dama, ya ɗago ta tsakiya. Ƙwallon ta zo da tsayi, ba a inda ake so ba. Musa ya miƙa ƙafar dama ya sauko da ita daga sama da taɓi ɗaya, tana tashi daga ƙasa ya ɗirka ta cikin raga. Wanda yake so ya gane abin da aka faɗa a baya game da tarba, to, ya nemi hoton wannan ƙwallo ya duba taɓin farko, ba bugun ba. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya ɗaga wata doguwa ta gefen hagu, Musa ya bi ta, ya bar ɗan baya Arnason a baya, ya karkato ciki, gola ya fito ya kewaye shi, ya dakata kaɗan har ya ga inda masu tsaron layi suke, kana ya buga. Daga baya Aisilan ta sami fenariti, Sigurdsson ya ɗaga ta sama. Aka tashi 2 da nema.

Da wannan ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a Kofin Duniya biyu, da ƙwallo huɗu jimla, ba wanda ya kai shi. Kwana huɗu bayan haka Ajantina ta fitar da Nijeriya 2 da 1 a Saint Petersburg, saura minti huɗu a tashi, wanda ya ci kuwa Marcos Rojo ne, mutumin da ya ci ta uku a Porto Alegre.

A watan Agusta na wannan shekara ya koma Al Nassr ta Riyad a Sa'udiyya, ya ci gasar ƙasar da ita a 2019. A farkon shekarar ne mahaifiyarsa ta rasu. Bayan Kofin Afirka na 2019 a Masar, inda Nijeriya ta zo ta uku, Mikel Obi ya ajiye, aka ba Musa kyaftin. Ya rabu da Al Nassr a Oktoban 2020, ya yi wata shida ba ƙungiya, har a Afrilun 2021 ya dawo Pillars na ɗan lokaci don kada ƙafa ta yi tsatsa. Daga nan ya tafi Turkiyya, ya yi Fatih Karagumruk ta Istanbul, ya yi Sivasspor, ba wani abin a zo a gani.

Gudu jari ne mai ƙarewa. Ɗan tsakiya mai dabara yakan kai shekara 35 yana raba ƙwallo a tsaye, gola ma yakan wuce haka, amma ɗan gefe da ya haura 30 yakan ga yaran da dā yake bari a baya sun fara kamo shi. A Kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024 Musa na cikin tawaga, shi ne kyaftin a suna, amma har aka kai wasan ƙarshe, masu masauki suka ci 2 da 1, bai taka fili ba ko na minti ɗaya. William Troost-Ekong ne ya ɗaura ƙyallen a hannu. Wasu suka ce an ɓata gurbi, wasu suka ce zamansa cikin yaran yana da amfanin da ba a gani daga gidan kallo. Ba a dai ji ya ta da rigima a kan haka ba.

Ya kuwa yi tanadi tun da sauran ƙarfi. A 2017 ya buɗe wurin wasanni da motsa jiki a Hotoro cikin Kano, ya kuma buɗe gidan mai, daga baya ya gina wani wurin wasannin a Kaduna. An san shi da rabon abinci da azumi da taimakon tsofaffin 'yan wasa da duniya ta juya wa baya, waɗanda ba su da kaɗan a ƙasar nan.

Komawa gida

A Oktoban 2024 ya dawo Pillars, wannan karo da zama. Wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ta Akure ƙwallo biyu. Ba kasafai ɗan wasan da ya yi Ingila da Rasha yake yarda ya dawo gasar gida ba, inda tafiya daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal takan cinye yini da dare a mota, fili kuma wani wuri ciyawa wani wuri ƙasa. A can ya tarad da Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, tsohon kyaftin ɗin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gasar gida, da Shehu Abdullahi na Sakkwato, abokinsa a ƙungiyar ƙasa. Pillars ɗin ma ba ta dā ba ce. Bayan ta ci gasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, sai ta yi ta ja da baya, har ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta hauro a 2023.

A Yulin 2025 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin 'yan wasanta. Wannan wani irin tsari ne da ba a saba gani ba, mutum ya zama shugaban kocin da ke da ikon ajiye shi a benci. Ba a yi wata huɗu ba kujerar ta nuna masa zafinta. A watan Oktoba, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallo dab da tashi a filin Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka ɓalle cikin fili suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta rufe mata filin Ƙofar Mata, ta mai da wasanninta na gida Katsina. Musa ne ya fito ya ba da haƙuri a madadin ƙungiya, ya ce za a taimaka a gano waɗanda suka aikata.

A Disambar 2025 ya ba da sanarwar ya ajiye rigar Nijeriya, bayan shekara 15 da wasa 111. Joseph Yobo da Vincent Enyeama, waɗanda suka riƙe wannan matsayi kafin shi, kowannensu 101 ya yi.